Babban Yatsan Mai Faci

"Lafiya lau, alhamdulillahi, sai dai ganinki da sassafen nan ya ɗan rage mini lafiyar," in ji Mai Faci. "Ya aiki? Bayin Allah nawa kika soka wa allura jiya?"

"Ganina? Yaushe ka fara gani ba a sanar da ni ba?" Sauro ta ajiye jakarta a kan wata tsohuwar taya. "Tun daga bakin titi nake ɗaga maka hannu, kai kuwa ka duƙufa kana gaida falwaya."

"Falwayar ta fi ki kauri, dole in riga ganinta."

"Ta amsa maka?"

"Ta ma fi ki ladabi. Shiru ta yi."

Haka gaisuwarsu take kullum, wanda bai san su ba sai ya ɗauka dambe za a yi. Mai Faci kakanta ne, shi ya haifi uwarta, kuma shi ya laƙa mata Sauro tun tana rarrafe, saboda rama da wata siririyar murya mai shiga kunne. Da ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya ta kama allura, sai ya bi dangi gida gida yana cewa a shaida, bakinsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ita kuma Tsoho take ce masa, in tana neman wani abu a wurinsa ta ce Angona.

Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan rumfa ta bakin titi. Rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu, da injin iska a kusurwa wanda sai ya yi tari sau uku yake tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tiyub a nemi huji, da benci guda wanda zama ya goge shi har yana sheƙi. Tsohon dai ba shi da wata damuwa ta a zo a gani. Ƴaƴa sun girma, ciniki na zuwa daidai gwargwado, ga jikoki na zagi son ransa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, yanar ido. Ta rufe na hagu ruf, ta fara cin na dama, har ta kai in ya tsoma tiyub a ruwa ba ya ganin kumfa, sai ya jiƙa leɓe ya riƙa bin robar da shi har ya ji inda iska ke fita.

Wata guda da ya wuce aka sa masa ranar aikin idon. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya je. Aka ɗaura masa abin awo a hannu, likita ya ce jininsa ya hau, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Aka rubuta masa magani, aka ɗaga aikin da sati shida. Ranar ko abinci bai ci ba, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Yanzu saura sati biyu, kuma ya rantse wannan karon ba mai dawo da shi gida da yanarsa. Yana da wata dabara da ya ƙulla shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba, kuma ji yake da ita.

Sauro ta zuge jaka ta fito da ɗan kwali. "Mama ce ta aiko ni. Ga maganinka na wannan watan, tunda na wancan ya ƙare jiya."

"Mayar mata. Ni ba almubazzari ba ne irinku, ina da saura."

"Saura? Guda talatin aka ba ka, kullum ɗaya, yau kuma kwana talatin da ɗaya."

"Abin da Allah ya sa wa albarka ai ba ya ƙarewa da wuri."

Yana rufe baki ya san ya yi suɓul da baka. Yarinyar ta yi shiru, kuma kowa ya sani sauron da ya yi shiru shi ne ya riga ya sauka a jiki.

"Angona," ta ce a hankali, "nuna mini dukiyar taka mana, in taya ka murna."

Da Tsoho ta ce masa, da ya ƙi. Amma alfahari ya ci shi. Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon gwangwanin faci ya buɗe. Ga ƙwayoyin nan farare ƙanana kwance cikin ƙurar roba, ya ɓalle su duka daga ledarsu don su yi masa sauƙin laluba, har da murfin bawul guda biyu a tsakiyarsu. Ta zazzage su a tafin hannu ta ƙirga.

"Goma sha tara. Tsoho, kiwonsu kake yi? Jira kake su haihu?"

"Ke dai ƙirga ki mayar. Kada ki lashe mini ɗaya, na san ki da kwaɗayi tun kina goye."

"Wannan amlodifin ne, miligiram biyar. An rubuta a jikin kwali, ɗaya kullum. Me ka gane da kullum?"

"Wanda ya rubuta bai taɓa faci ba." Ya gyara zama ya harɗe ƙafa, don an zo wurin da yake so. "Matso in ba ki karatun da ba a ba ku a makaranta ba. Likita da bakinsa ya ce mini jini ne ke tura jijiya da ƙarfin da ya wuce kima. Haka ne ko ba haka ba?"

"Kusan haka ne."

"To taya ke nan. In iska ta yi wa taya yawa, sai ka danna bawul ka rage. In ta dawo daidai, sai ka ɗauke hannunka. Wane mahaukaci ne zai tashi kullum da safe yana sace wa taya iska, ko ta yi tauri ko ba ta yi ba? Ai kwanciya za ta yi a ƙasa."

"To kai da me kake sanin naka ya yi tauri?"

Ya ɗaga babban yatsansa na dama. Yatsan kam abin kallo ne, faffaɗa, baƙi ƙirin, farcen ya tsage gida biyu, fatar ta yi kanta saboda dannar roba.

"Da wannan. Kullum da safe nakan danna damtsena. In na ji tauri in haɗiyi ɗaya, in na ji laushi in bar ta ta huta. Shekara arba'in yatsan nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Tsohuwar zuma aka ce, ba a ce tsohon yatsa ba. To waɗannan da ka tara fa, gado za ka bar mini?"

"Na ranar aiki ne." Ya rage murya yana murmushi, kamar mai ba da sirrin sana'a. "Ranar da za mu asibiti, da sassafe zan watsa biyar a baki lokaci guda. Kafin mu isa jinin ya kwanta lumui. Likita ya ɗaura abinsa ya ga daidai, ya cire mini yanata, kowa ya kama gabansa. Sauran sha huɗun kuma na ɗaya idon ne, da ɗan abin da ba a rasa ba."

Ya ji tayar da ke gabansa ta yi ƙara, ya gane ta zauna a kanta da fararen kayan aikinta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Biyar," ta ce. "Wato ka gaji da ni ke nan, so kake ka mayar da ni bazawara da ƙuruciyata."

"Wa zai kwashi bazawara mai ƙafar tsintsiya? Ai taimakon ki nake da nake raye."

"To ka ci gaba da taimakon, ka saurare ni. Iyakar abin da likita ke ba mutum na maganin nan a rana miligiram goma ne, wato biyu irin waɗannan, shi ma sai ya gwada ya ga ɗayar ba ta isa ba. Kai kuma kana maganar biyar a cikin tsoho. Jinin zai sauka, ba musu, amma zai zarce inda kake so. Jiri ya kwashe ka, zuciya ta rikice, maimakon ɗakin ido a wuce da kai ɗakin gaggawa. In an yi sa'a ke nan."

"Tsoratarwa dai, sana'arku."

"Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin nan a hankali yake taruwa a jiki yana sassauta jijiyoyi. Sai an yi kamar sati guda ana sha ba fashi sannan yake zama daram."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da jiya ya zuba wa mutum gam a shayi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya kusa sha."

Ya yi dariya don dole, amma bai sauka daga bakansa ba. Ana haka wani mai babur ya faka a bakin rumfar, ya gaishe su, ya ce a duba masa iska, tayar baya tana masa rawa. Mai Faci ya miƙe da murna.

"Yawwa, ga alƙali Allah ya kawo. Ɗauko geji, yana rataye a ƙusa. Ni zan faɗa da yatsa, ke ki auna, tunda ke ce mai ido."

Ya tsuguna ya danna tayar baya, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. "Ashirin da shida. Talatin da biyu take so."

Sauro ta kafa geji a bawul, ta duba, ta sake dubawa. "Ashirin da shida," ta ce, ba don ta so ba.

Ya danna ta gaba. "Ashirin da takwas. A bar ta, ba ta yi wa kowa laifi ba."

"Ashirin da takwas."

"Ai Baba ba ya kuskure," in ji mai babur. "Ni ko geji ban taɓa cewa ya sa mini ba."

Aka tada inji, aka cika tayar, mai babur ya wuce. Mai Faci ya koma benci yana taku ɗai-ɗai, ya zauna ya ɗora yatsan a kan gwiwa inda za ta gan shi da kyau.

"Gani ya kori ji. Ki ba shi haƙuri."

"Na ba shi. A kan taya malami ne, ban yi musu ba. Yanzu saura mutum." Ta sa hannu a jaka ta fito da na'urar awon jini, irin mai batir. "Danna damtsenka ka faɗa mini na yau."

Ya naɗe hannun riga ya danna nan, ya danna can. "Laushi tuɓus. Yau ko jariri bai fi ni ba."

"To danna nawa."

Ya kamo siririn hannunta ya danna, ya girgiza kai cikin jimami. "Wannan kam ya hau. Tauri kamar tayar tirela. Rashin kunya ce ta taru ta hau miki jini. In san miki ɗaya daga cikin nawa?"

"Riƙe abinka. Ba a shan maganin da aka rubuta wa wani, ko da kuwa cutar iri ɗaya ce. To mun ji hukuncin yatsa, kai lafiya ƙalau, ni kuma ina bakin kabari. Yanzu jingina da kyau, sauke ƙafafun nan ƙasa, ɗora hannu a kan teburin nan, ka yi shiru minti biyar."

"Minti biyar ba magana?"

"Ko tari ban yarda ba."

"Wannan ba awo ba ne, ramuwar gayya ce."

Wallahi minti biyar ɗin nan sun fi masa yinin aiki tsawo. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya gaishe shi, sai hannu ya ɗaga masa, har mutumin ya tsaya yana tambaya ko lafiya. Zagi uku masu daɗi suka zo masa a jere, duka a kan hancin yarinyar, ya haɗiye su yana ji yana gani. Ita kuwa ta samu fili, ta zauna tana ba shi labarin yadda duk jikokinsa suka haɗu a kan cewa kunnuwansa ne kaɗai ba su daina girma ba. Daga ƙarshe ta ɗaura masa abin a damtse, ya matse shi, ya saki.

"Ɗari da saba'in da huɗu a kan ɗari."

"Nawa ake so?"

"Likitanka ya ce ƙasa da ɗari da arba'in a kan casa'in." Ta ɗaura a nata hannun. "Nawa kuma, tayar tirela, ɗari da sha biyu a kan saba'in da biyu."

"Batirinta ya mutu."

"Jiya na sa sabo."

"To ta san mai ita. Son kai ta yi."

"Tabarmar kunya..."

"Da hauka ake naɗe ta, na sani, ni na koya miki. Sake, a ɗaya hannun."

Ta jira kaɗan ta sake a ɗaya hannun. Ɗari da saba'in a kan casa'in da takwas. Tsoro ne ya kama shi. Ya tuna ranar da ya fito daga asibiti da sabuwar rigarsa, yana riƙe da kafaɗar ƴarsa, mutane na yi masa sannu da aiki alhali ba a yi aikin ba. Bai ga yadda zai iya maimaita wannan tafiyar ba.

"Hawan jini ba ya tauri a fata, Tsoho," ta ce, muryar ta sauka. "Yawanci ko ciwon kai ba ya sa wa, mutum na yawonsa yana cin sa a ciki. Shi ya sa ake shan maganin kullum, ya tsare zuciya da ƙoda, ya tsare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Amma akwai abin da ban gane ba. Mama ta ce satin farko a gabanta kake sha, ba fashi. Me ya faru a kwana na takwas?"

"Hankali ne ya zo mini."

"Ruwa ba ya tsami banza."

"Ke da bin diddigi kamar ɗan sanda. Wanda zai aure ki bayana ya shiga uku."

"Ba inda za ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Angona."

Ya daɗe yana murza yatsan a gwiwa. Can ya sunkuya ya zare takalminsa na dama ya miƙa mata. An tsaga gefensa da reza, tsaga biyu, irin yankan mai faci, a miƙe ba karkata.

"Kwana bakwai ina sha, ƙafafuna suka kumbura daga idon sawu, takalmi ya ƙi shiga. Na bari, suka saɓe. In na sha kwana biyu a jere sai su fara dawowa." Ya yi gyaran murya. "Ƙanena da ya rasu kina ƙarama, haka nasa ya fara, da ƙafa. Wata uku muka kai shi makwancinsa. Na ce in na faɗa, uwarki ta ɗaga hankalinta, likita kuma ya ce ga wata sabuwar cuta, a sake ɗaga mini aikin ido."

Gaskiyar ke nan. Tsoro ne ya fara zuwa, karatun taya daga baya ya biyo, don namiji mai jikoki ba ya so a ce ƴar ƙwaya ta firgita shi. Ya yi ta maimaita wa kansa karatun har shi ma ya yarda da shi.

Sauro ta durƙusa a gabansa. "Miƙo ƙafar. Yau nawa yatsan ne zai yi aiki."

"Wannan tsinken? Kada ya karye a ce ni ne."

Ta danna idon sawun, ta danna ƙaurin, ta duba ɗayar. "Yanzu kaɗan ne. Ka ji, maganin nan yakan sa wa wasu kumburin ƙafa, sanannen abu ne, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin."

"Takardar da na goge gam da ita?"

"Ita fa. Yawanci ba na haɗari ba ne, amma ba ni zan yanke hukunci ba. Gobe ina hutu, zan kai ka likita ya duba zuciya da ƙoda ya tabbatar. Yana iya barin ka a kansa, yana iya canja maka wani, magungunan ba ɗaya ba ne. Abin da ba a yi shi ne mutum ya daina da kansa ya ja bakinsa ya yi gum. Kafin nan in ka zauna ka ɗora ƙafar a kan taya, ga su nan birjik ba aikin da suke yi. In za ka tashi daga tsuguno kuma ka tashi a hankali saboda jiri, ba irin zaburar da ka yi wa mai babur ba."

"Kin gama?"

"Saura. In ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi maka wuya, ko fuska da leɓe suka kumbura, wannan ba jiran gobe, asibiti kai tsaye. Sannan ƙwayoyin ciwon bayan nan da kake saya barkatai, ka haɗo su gobe likita ya gani, wasunsu tayar da jini suke yi."

"In na manta ban sha ba fa? Kin san tsufa."

"Ashe ka san ka tsufa. In ka tuna da wuri a ranar, ka sha. In har yini ya wuce, ka bar shi, gobe ka sha ɗaya a lokacinta. Ba a ramuwa, ba a haɗa biyu." Ta juye ƙwayoyin gwangwanin a wata ƴar leda ta ƙulle. "Waɗannan kuma sun sha zafi sun sha datti, na tafi da su a zubar inda ya dace."

"Fashi da rana tsaka. Ki bar mini murfin bawul ɗina dai."

"Ga su. Su kam ko biyar ka haɗiya ba ruwana."

Ya karɓa ya jefa a aljihu. Titi ya fara cika, motoci na wucewa, amma shi hankalinsa na wuri ɗaya. Ya juyo da idon dama wajen farar inuwar da ke gabansa.

"Sauro, bar wasa. Sati biyu zai isa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, ba a hannuna yake ba. Amma in ka fara yau ba fashi, akwai kyakkyawan zato. Kullum da safe zan biyo kafin in wuce aiki, in auna in rubuta. Ranar aikin sai mu ajiye wa likita takardar a gabansa."

"Kullum? In riƙa karyawa da fuskarki kullum? Gara hawan jinin."

"Ai ba ganinta kake ba."

"Shi ne ai," ya ce. "Shekara uku ke nan rabona da ganin fuskarki sosai. Kowa ya zo rumfar nan sai ya ce mini Sauro ta girma ta koma kakarta sak, har yadda take ɗaga gira in za ta yi rashin kunya. Uwarki ta faɗa, mai shayi ya faɗa, har masu kawo faci na da sun faɗa. Ni da na zauna da matar shekara talatin da takwas, ni kaɗai ne ban gani ba. So nake in duba da idona, in ga ko sharri ake yi wa marigayiya."

Ya ji yarinyar ta ja hanci, ya ji ƙarar kwali, ya ji ta ɓalle ƙwaya ɗaya daga leda. Ta kamo hannunsa ta buɗe tafin ta ajiye masa, ta miƙo masa gorar ruwanta.

"To haɗiye," ta ce. "Ɗaya."

Ya jefa a baki ya kora da ruwa, ya goge gemu.

"Amma ki sani, in aka buɗe mini ido na ga ba ki kama ƙafarta a kyau ba, a bakin aurenki."

"In aka buɗe maka ido ka ga kanka a madubi, kai za ka durƙusa kana roƙo in rufa maka asiri in zauna."

Mai Faci ya tuntsure da dariya har da buga benci, har mai shayi ya sake leƙowa.

"Na sallama, ƴar banza, na sallama. Yatsa ya koma kan taya. Ƙarfe nawa za ki zo goben?"

"Bakwai."

"Ki zo bakwai saura kwata. Zan sa a haɗa miki shayi mai kauri da madara, kullum har sati biyun, ko kya ɗan yi kumatu kafin a buɗe mini ido."